Canjin Gwiwa ga Dattijo: A Haɗa Biyun Rana Ɗaya, Ko a Bi Su Ɗaya Bayan Ɗaya?

Ranar da likita ya ɗaga hoton ƙafafun Inna ya haska mana, ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai gane abin da ya faru. Ƙashin cinya ya zauna daram a kan ƙashin ƙwauri, guringuntsin da ke raba su ya cinye ƙarƙaf, dama da hagu. Shekarunta 72 a lokacin, ta shekara huɗu tana salla a kan kujera, ƙafafun kuma sun fara yin baka. Ya ce gwiwoyin nan biyu duk sai an canja su. Bai rufe baki ba yayanmu ya jefo tambayar da kusan kowane gida ke yi idan an zo nan: "Likita, ba za a haɗa su a yi rana ɗaya ba, ta sha wuyar sau ɗaya ta huta?"

Ba tambayar banza ba ce, kuma muna da hujja a gida. Baffa, ƙanin mahaifinmu, an yi masa duka biyun rana ɗaya a Indiya yana da shekara 63, yau ga shi yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Inna kuwa ɗaya bayan ɗaya aka yi mata, wata bakwai a tsakani, ni da ƙanwata muka yi jinyarta duka karo biyun. Na ga hanyoyin nan biyu da idona, kuma abin da na fahimta shi ne yawancinmu a teburin lissafin kuɗi muke yanke wannan shawara, alhali a wuri biyu ya kamata a yanke ta: a ƙirjin dattijon, da kuma cikin ɗakin da zai kwana makonni shidan farko.

Shi aikin kansa iri ɗaya ne ko ta wace hanya aka bi. Likita zai buɗe gaban gwiwa, ya yanke bakin ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri inda suka lalace, ya sa wa kowanne murfin ƙarfe, ya sa wata roba mai tauri a tsakaninsu ta maye gurbin guringuntsi. Gwiwa ɗaya takan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, galibi da allurar baya wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Ƙarkon abin da aka sa bai danganta da haɗawa ko rabawa ba. A shekarar 2019 mujallar likitanci ta The Lancet ta buga binciken masana daga Jami'ar Bristol ta Ingila, wanda ya nuna cewa cikin kowace gwiwa 100 da aka canja, kusan 93 suna nan lafiya bayan shekara 15, kusan 82 kuma suna kaiwa shekara 25. Ga mai shekara 70, wannan na nufin da wuya a sake taɓa ta. Saboda haka bambancin hanyoyin biyu ba a cikin ƙarfen yake ba.

Masu cewa a haɗa suna da dalilai na gaskiya. Shiga ɗakin tiyata sau ɗaya, kwanciyar asibiti sau ɗaya, tashin hankalin iyali sau ɗaya. Ta fuskar kuɗi akwai sauƙi, sai dai bai kai yadda ake zato ba, domin ƙarfen da robar su ne ƙashin bayan tsadar, daga waje ake kawo su da dala, kuma biyu za a saya ko yau ko baɗi. Abin da ke raguwa shi ne kuɗin gado da na ɗakin tiyata da na gwaje-gwaje, ga wanda zai fita waje kuma har da biza da tikiti da masauki. Dalilin da ya fi waɗannan nauyi a wurina na jiki ne. Akwai dattijon da gwiwoyinsa biyu sun ƙage, ba sa miƙewa sosai ko yana kwance. Idan aka gyara ɗaya ta miƙe sambal, sai ta fi 'yar'uwarta tsawo, shi kuma don ya daidaita tafiya sai ya riƙa lanƙwasa sabuwar, a hankali ta koma gidan jiya. Irin wannan mutum ba shi da ƙafar kirki da zai dogara a kanta ko da ɗaya aka yi masa, don haka ribar rabawa ta ragu a kansa. Haka Baffa yake kafin aiki.

Akwai kuma wanda in ya ɗanɗana zafin na farko, ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai koma na biyu ba. Wannan yana faruwa. Amma yana da ɗaya fuskar: wasu idan gwiwar da ta fi ciwo ta warke ta karɓi nauyin jiki, ɗayar takan lafa har a jinkirta aikinta shekaru, wani ma a fasa. Wanda aka haɗa wa bai samu damar gane ko yana cikin waɗannan ba.

Yanzu ga inda Hausawa suka ce taura biyu ba ta taunuwa. Gwiwa biyu a zama ɗaya na nufin tsawon lokaci a kan tebur ya ƙaru, jinin da za a zubar ya ƙaru, bukatar ƙarin jini ta ƙaru, zuciya da huhu kuma su ɗauki kaya biyu a rana guda. Haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda gudansa kan iya ɓallewa ya toshe huhu, ya fi yawa a kan wanda aka haɗa wa fiye da wanda aka yi wa ɗaya. Shi ya sa likitoci da yawa ba sa yarda su haɗa wa wanda ya haura 70 ko 75, ko mai ciwon zuciya, ko ciwon huhu, ko raunin ƙoda, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Mu dubi iyayenmu da gaskiya: nawa ne suka kai wannan shekaru ba hawan jini ba suga? Ga wani abu da ba a cika faɗa wa likita ba sai ya tona. Mai ciwon gwiwa na shekara goma, shekara goma ya yi yana shan maganin ciwon jiki daga kemis, irin su diclofenac, wani har da ƙulle-ƙullen da ba a san abin da ke ciki ba. Waɗannan suna cin ƙoda a ɓoye, suna kawo gyambon ciki mai tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan. Inna da muke ganin garau take in ban da ƙafa, da aka auna sai ga jininta ya yi ƙasa, ƙodarta kuma ta fara gajiya. Wata biyu aka yi ana gyara wannan kafin a sa ranar aiki, kuma a nan maganar haɗawa ta mutu. Likitan ya dube ta ya ce, "Hajiya, ƙafafun za su iya, amma jikin ba zai ɗauki biyu ba."

Kafin iyali su buɗe bakin gardama, a fara yin gwajin zuciya, da na ƙoda, da na yawan jini, ga mai suga kuma a yi wanda ake kira HbA1c, mai nuna yadda sugan ya kasance cikin wata uku da suka wuce. Idan ya hau, ciwo ba ya saurin haɗewa kuma ƙwayoyin cuta sun fi samun ƙofa. A tambayi asibitin ko suna da ɗakin kulawa ta musamman idan abu ya rikice cikin dare, da kuma leda nawa ta jini suke so a tanada. A asibitocinmu dangi ne ke kawo masu ba da jini, kuma neman su ranar da ake bukata ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

To, a ce zuciya lafiya, ƙoda lafiya, likita ya ce zai iya haɗawa. Saura ɗaki. Nan ne na fi son mai karatu ya tsaya, don nan ne ba wanda ya ba mu labari kafin mu shiga.

A asibiti, tun ranar aikin ko washegari za a tayar da mutum ya taka da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Gadon asibiti dogo ne, ga ma'aikata, ga masai na zama. Gida fa? Katifa a ƙasa ko gado gajere, masai na tsugunno a can ƙarshen tsakar gida, dokin ƙofa mai tudu, siminti mai santsi inda ake alwala. Wanda aka yi wa gwiwa ɗaya yana da dabara a kan duk waɗannan: ya miƙar da ƙafar aikin gaba, ya tashi da ƙarfin ɗayar. In zai hau tudu ya fara da mai lafiya, in zai sauka ya fara da ta aikin, in ya koma sanda ya riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren. Duk wannan koyarwa an gina ta ne a kan cewa akwai ƙafa guda da za ta ɗauki nauyi. Wanda aka haɗa wa ba shi da ita. Tashinsa daga zaune da damatsa ne da kafaɗu, da kuma mutanen da ke riƙe da shi. Baffa siriri ne, ya yi noma da hannunsa har girma, duk da haka makonni biyun farko sai da maza biyu suke tayar da shi, in ji ɗansa da ya raka shi. Ku kwatanta da tsohuwa mai jiki, wadda hannuwanta ba su saba ɗaukar nauyinta ba, fitsari ya matse ta ƙarfe uku na dare, kuma mai kwana da ita jikanya ce 'yar shekara 15. Faɗuwa a wannan makon na iya buɗe ɗinki ko ta karya ƙashi a gefen ƙarfen, gyaran wannan kuwa ya fi aikin farko wuya.

Ga awon da kowa zai iya yi a gida tun kafin aiki: a zaunar da dattijon a kujera mai hannu, a ce ya ɗaga jikinsa da hannuwansa kawai. In ya kasa ɗaga mazaunansa daga kujerar, a yi dogon tunani kafin a kwance masa ƙafafu biyu lokaci guda. Ko wace hanya aka zaɓa, a ɗaga gado ya kai yadda in ya zauna ƙugunsa zai ɗan fi gwiwarsa tudu, a samo kujerar bayan gida a ajiye kusa da gado, a naɗe tabarmi da dardumar da ke zamewa, a tanadi fitila mai caji a hannunsa saboda ɗaukewar wuta.

Sai gashin ƙashi, wato motsa gwiwar da ma'aikacin fisiyo ke koyarwa. Likita rabin aiki ya yi, sauran rabin a nan yake. Abu biyu ake nema: gwiwa ta miƙe sarai, kuma ta lanƙwashe. Tafiya a fili tana bukatar lanƙwasa ta wajen digiri 60 zuwa 65 (digiri 90 shi ne lanƙwasar gwiwar mai zaune a kujera), hawa da saukar matakala da tashi daga kujera suna bukatar 90 zuwa 100. Ana so a kai 90 cikin makonnin farko, yawancin mutane kuma sukan tsaya tsakanin 110 da 125. Lokacin neman wannan gajere ne, domin tabon ciki yana yin tauri, kuma abin da ba a samu ba cikin wata uku da wuya a same shi da motsa jiki kaɗai. Gwiwar da ta ƙage sai an mayar da mutum asibiti an sa shi barci an lanƙwasa ta da ƙarfi. Motsin nan yana da zafi, ba na ɓoye wa kowa. Inna ta yi hawaye a kansa, ta ce mini, "'Yar nan, ku ƙyale ni haka, na gode." Mukan ba ta maganin zafi kamar rabin awa kafin a fara, mu ɗora ƙanƙara a cikin tawul minti 15 zuwa 20 bayan an gama, da haka aka samu ta jure. Mai gwiwa biyu zai yi wannan sau biyu a kowane zama, kuma da dare ba shi da ɓangaren da zai juya ya samu sauƙi. Sau da yawa ɗaya takan wuce ɗaya, mutum ya fi kula da mai sauƙin ya bar mai taurin.

Amma in faɗi nauyin rabawa, don shi ma ba kaɗan ba ne. Kumburi da ɗumin gwiwa sukan ɗauki watanni, warkewa sosai takan kai shekara. Wanda aka haɗa wa, shekara ɗaya ce ya gama. Mu da muka raba, daga aikin farko zuwa ranar da Inna ta ajiye sanda bayan na biyu, sai da muka haura shekara guda da watanni. Sau biyu na bar gidana da 'ya'yana na tare a wurinta, sau biyu ƙanwata ta nemi hutu a wurin aiki. Gidan da mai jinya ɗaya ce tak, kuma ba za ta samu izini ko hali karo na biyu ba, dole a sa wannan a ma'auni. Abin da ya rage mana nauyi shi ne karo na biyu ba mu shiga a makance ba. Inna ta san zafin yana wucewa, ta san motsin tun kafin a koya mata, ƙafar farko kuma ta zama ginshiƙin da ta biyu ta jingina a kai. Likitoci da yawa suna son a bar aƙalla wata uku a tsakani, jini ya dawo, jiki ya murmure.

Maganar fita waje tana shiga nan, don ita ce ke tura mutane da yawa ga haɗawa. Wanda ya sayar da fili ya kai mahaifinsa Indiya ko Masar ba ya son jin an ce ya dawo bayan wata shida. Na fahimci wannan ƙwarai. Sai dai a sani cewa doguwar tafiya a jirgi, mutum na zaune ƙafa a lanƙwashe awa da awanni, tana ƙara haɗarin daskarewar jini, kuma likitoci da yawa suna ba da shawarar a jinkirta ta makonni shida zuwa goma sha biyu bayan aiki. Kuɗin masauki kan sa a taho da wuri. Baffa ya dawo bayan mako uku, Allah ya kiyaye hanya, amma da ya iso ba a shirya masa wanda zai ci gaba da gashi ba, aka yi kusan wata ana neman na kirki. Har yau gwiwarsa ta hagu ba ta kai ta dama lanƙwasa ba, a mota sai ya zauna gaba ya miƙe ta. Duk wanda zai fita, ya shirya likitan ƙashi da mai gashi a gida tun kafin ya tashi, ya kuma taho da takardar da ke ɗauke da suna da lambar ƙarfen da aka sa masa. Ana yin wannan aiki a nan gida, a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka kafa tun 1959, da wasu asibitocin koyarwa da masu zaman kansu. Ga wanda zai yi a gida, komawa karo na biyu kuɗin mota ne, don haka babban dalilin haɗawa ya faɗi.

Akwai tambayar da Inna ta fi damuwa da ita fiye da duk waɗannan, kuma na san ita ce a zuciyar yawancin iyayenmu: "Zan koma in kai goshina ƙasa?" Babu ɗaya cikin hanyoyin biyu da ke da wannan alkawari. Sujada da zaman tahiya suna bukatar gwiwa ta naɗe fiye da digiri 140, kaɗan ne ke kaiwa can bayan aiki, kuma da yawa ba sa jin daɗin dora nauyi a kan tabon. Gara a faɗa wa dattijo wannan tun farko da a bar shi ya gano daga baya ya ga kamar aikin bai yi ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba da sauƙi: a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Abin da Inna ta samu shi ne tsayuwa da ruku'u da ta shekara huɗu ba ta yi ba, sai ta zauna a kujera wurin sujada. Haka kuma a sani, wajen mutum ɗaya cikin biyar yakan ci gaba da jin wani ciwo ko rashin gamsuwa bayan an warke. Ɗan ƙas-ƙas da gwiwar ke yi, da rashin jin taɓawa a fatar gefen tabo ta waje, waɗannan ba matsala ba ne.

'Yan dubiya, Allah ya saka musu, kowa da maganinsa yake zuwa. Wata ta ce a gasa da tafasasshen ruwa da tawul, wani ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe mataccen jini, wani ya kawo man shafawa daga wurin mai ɗori. Kada a bar ko ɗaya ya kusanci gwiwar. Ƙwayar cuta in ta kai ga ƙarfe, magani ba ya cika fitar da ita, sau da yawa sai an cire ƙarfen gaba ɗaya. Tana samun kamar mutum 1 zuwa 2 cikin 100, kuma tsaga fata a kan gwiwar buɗe mata ƙofa ne. Kada a sa matashi a ƙarƙashin gwiwa ko da ya fi daɗi, a sa shi ƙarƙashin dunduniya don ƙafar ta miƙe. Maganin tsinka jini da aka rubuta a sha shi har ranar da aka ce. Idan sharaɓa ta kumbura ta yi tauri da zafi, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko ɗinki ya fara tsiyaya da zazzaɓi, asibiti za a nufa a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne. Mai gwiwa biyu sai an ninka sa ido, don duka ƙafafunsa a kumbure suke, babu ta lafiya da za a gwada da ita.

In aka tambaye ni, ga inda na tsaya. Wanda bai kai 70 ba, zuciyarsa da ƙodarsa da jininsa sun fito lafiya, gwiwoyinsa biyu sun lalace daidai wa daida har ba sa miƙewa, yana da ƙarfin hannu, yana da manya biyu da za su kwana da shi mako uku, likitansa kuma ya saba haɗawa a asibiti mai kayan aiki, wannan haɗawa ta dace da shi. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, musamman na zuciya, a raba, a fara da wadda ta fi hana shi barci. A sa ranar kuma da lura: kada makonnin farko su faɗa cikin azumi, lokacin da dattijo zai nace sai ya yi alhali yana bukatar ruwa da magani a kan lokaci, kuma mai niyyar Hajji ya bar wa ƙafar watanni masu yawa, don Safa da Marwa kaɗai sun haura kilomita uku.

An yi wa Inna ta dama bayan Babbar Salla, ta hagu kuma wata bakwai bayan nan, aka bar mata sarari ta murmure kafin azumi ya kama. A karo na biyu, kwana uku da aiki, na farka da asuba na tarar ta riga ta zauna a bakin gado, ta dafa ƙarfen dogarawa, ta kafa ƙafar dama a ƙasa. Na yunƙura zan kama ta, ta ce, "Bari, wannan ta iya. Miƙo mini buta."